Yadda Malam Kar-a-taɓa Ya Tsufar da Littattafansa

Yara ne suka raɗa masa suna Malam Kar-a-taɓa, kuma ba su yi masa ƙage ba. Tun daga bakin ƙofar laburaren makarantar yake tare yaro ya ce ya nuna hannunsa, ciki da baya. In ya ga maiƙo ko tawada, sai ya nuna masa hanyar famfo da baki. In hannun ya yi fes ya shiga, amma ya sani idon Malam na kan yatsunsa har ya fita. Wanda ya kuskura ya lashi yatsa kafin ya juya shafi kuwa, shi da ɗakin nan sai wani zangon.

Sunan bai taɓa damunsa ba, gaskiya ma daɗinsa yake ji. Shi ya san yadda ya tarar da ɗakin lokacin da aka kawo shi yana ɗan saurayi: littattafai zube a ƙasa, ɓeraye sun yi gida a cikin ƙamus, littafin taswira an yanke masa rabin duniya da reza. Da hannunsa ya share, ya ɗinke, ya manne, ya jera. Har ta kai in baƙi suka zo makarantar ba a kai su ɗakin gwaje-gwaje, don babu abin gani a can sai kwalabe wayam. Laburare ake kawo su, a tsayar da su gaban kabad ɗin gilashi.

A cikin kabad ɗin nan ransa yake. Jerin manyan littattafan kimiyya ne masu koren bango, kyautar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai: na jikin ɗan Adam, na tsirrai, na taurari, na sinadarai, na na'urori, da 'yan'uwansu. Ranar da aka kawo su ya ɗan yage ledar guda ɗaya ya leƙa. Ƙamshin sabuwar takarda ya daki hancinsa, ya ga zane mai launi irin wanda bai taɓa gani ba, sai tsoro ya kama shi, don ya hango yatsun yaran nan a kai. Ya mayar da shi cikin ledarsa, ya jera, ya kulle. Ya ce sai an samo hatimi. Da aka samo hatimi ya ce sai an yi musu riga. Daga nan sai bayan jarrabawa, in hankalin yara ya kwanta. Bayan jarrabawa kuma hutu ne, to sai sabon zango. Haka shekaru suka yi ta shigewa, yana goge gilashin kowace safiya da tsumma mai laushi.

Sai aka canza manhaja, aka kuma kawo sabuwar shugabar makaranta, wata gajeriyar mata mai saurin tafiya wadda ba ta jiran a gama gaisuwa. A taron malamai na ranar Alhamis ta ce kowane malami zai shiga laburare da manhajar darasinsa a hannu, ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya. Littafin da ya dace da abin da ake koyarwa ya zauna, wanda zamani ya wuce a fitar, inda aka ga giɓi a sayo sabo. Malam ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, don a ganinsa yau ranar yabonsa ce.

"Kuma bari in faɗa muku yadda nake gane laburare mai rai," in ji ta. "Ba tsabta nake dubawa ba. Littafin da yara ke so, bakinsa baƙi ne, bayansa a karye. In na ga littafi ya shekara da shekaru yana ƙyalli, to na san ado ake yi da shi. Makarantar da na baro, haka na samu, sai na karɓe mabuɗin na ba kwamitin malamai, shi kuma mai ɗakin ya koma sito yana raba alli. Ban ce haka za a yi a nan ba. Ban ma shiga naku ba tukuna." Ta juyo ta kalle shi. "Malam, an ce kana da wasu manyan littattafan kimiyya. Ranar Litinin malamar bayoloji za ta fara da su, ni ma zan leƙo."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi.

Babu wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Tsofaffin malaman duk suka sami abin dubawa a kan teburansu. Sun sani sarai. Kowannensu ya taɓa zuwa neman littafin nan don aji ya koma da "sai sabon zango", har suka gaji suka daina.

Ya koma ɗakinsa ya zauna gaban kabad ɗin. Saura kaɗan ya yi ritaya. Ya hango kansa a sito, tsakanin buhunan alli da karyayyun kujeru, yaran da ya saba kora suna wucewa suna leƙensa. Abin da ya fi sito muni ma shi ne a buɗe kabad a gaban mutane, a ji ƙarar leda. Da ya zauna ya zauna, sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda tun tana zuwa mutum yake jin kunyarta, amma ba ya korar ta. Ranar Juma'a bayan an tashi ya zuba littattafan cikin kwalaye ya ɗaure a bayan babur. Maigadi ya tambaya, ya ce masa wurin mai ɗinkin bango zai kai su, bai yarda sun haɗa ido ba.

Da safiyar Asabar ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya jera littattafan, ya kira matarsa. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta zauna a bakin dandamali ta yi dariya har da hawaye.

"Malam, kai ne kuwa? Kai da ka yi kwana biyu ba ka yi mini magana ba don na ɗora kofi a kan jarida?"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Jaridar ma ta bara."

"Za ki taimaka ko ba za ki taimaka ba?"

"Ai wannan aikin ko ba a roƙe ni ba zan yi. Miƙo."

Abin mamaki, duk garin babu wanda ya kai shi sanin yadda yaro ke lalata littafi. Rayuwarsa ya ƙarar yana yaƙi da abin, ya san kowace dabararsa. Ya nuna mata inda babban yatsa ke barin baƙi, can ƙasa a kusurwar dama. Ya ce kada a naɗe kunnen shafi a ko'ina, sai wajen hotuna, don nan yara ke tsayawa. Ya ce farkon littafi ya fi ƙarshensa shan wahala, don kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe. A goga kusurwoyin bango a siminti, amma a hankali. A jiƙa tsumma da ruwan shayi a shafa a bakin shafuka a bar shi ya sha iska. Yana bayani muryarsa na ƙara ƙarfi, har ya fara jin daɗin gwanintarsa, sai ya tuna abin da yake koyarwa ya sassauta murya.

Da aka zo karya baya ne ya gagara. Ya yage ledar littafin taurari, ya buɗe shi tsakiya, ya riƙe bangon biyu zai lanƙwasa, hannunsa ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya ji kamar yatsan jariri aka ce ya karya. Matarsa ta gaji da kallo, ta karɓe, ta kifa shi a buɗe a kan tabarma ta zauna a kai. Littafin ya yi ƙara, ƙas. Malam ya runtse ido.

"Ya tsufa," in ji ta. "Kawo na gaba."

Suna cikin haka Auta ta dawo. Ita ce ƙaramar 'yarsu, kuma ita kaɗai ta rage a gida. A makarantar da ubanta ke aiki ta yi karatu. Tun tana ƙarama take cewa aikin jinya za ta yi, har yaran maƙwabta take ɗaure wa ƙafa da tsumma ko ba su ji ciwo ba. Bayoloji ne ya kayar da ita a jarrabawar ƙarshe. Ta sake, ya sake kayar da ita, daga nan ta daina zancen. Yanzu a wani kantin magani take aiki a bakin babban titi, tana share kanta, tana sauke kaya, tana miƙo abin da mai kantin ya ce ta miƙo. Ranar Asabar da rana take tashi.

Ta tsaya a bakin baranda da jakarta a kafaɗa, ta ga uwarta zaune a kan littafi, ubanta na goga wani a siminti, ledoji sun cika tsakar gida iska na wasa da su.

"Baba, lafiya?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Uwar ce ta ba da labarin, ta kuma ƙara masa gishiri yadda ta ga dama. Auta ta yi dariya, amma ba irin ta uwarta ba, 'yar kaɗan ce, tana kallon koren bangon.

"Na cikin gilashin ne?"

"Su ne," in ji shi.

"To kawo in taya ku."

Ya tura mata wanda ya fi kusa da hannunsa ba tare da ya duba ba. Da ya duba, da ya ba ta na sinadarai. Na jikin ɗan Adam ne. Ta zauna ta jingina da bango, ta zare ledar, ya faɗa mata abin da za ta yi: yatsa a kusurwar ƙasa, ta ɗan murza, ta wuce. Ta fara da sauri, shafi na bin shafi, har ta kai tsakiya.

Shi bai lura da lokacin da ta tsaya ba. Shirun ne ya sa ya ɗaga kai. A tsakiyar littafin akwai wasu shafuka na roba garai-garai, ana hango na ƙasa ta cikin na sama. Na farko mutum ne da fatarsa. In ka ɗaga, fata ta tafi, tsoka ta bayyana. In ka sake ɗagawa ga haƙarƙari, ƙarƙashinsa huhu, sannan zuciya, a yanke biyu, jini mai launin ja na bin hanyarsa, mai shuɗi na bin tasa, da 'yan kibiyoyi na nuna inda kowanne ya nufa. Auta ta ɗora yatsa a kan kibiya ɗaya tana bi a hankali, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake bi.

"Ashe sai ya je huhu ya dawo," in ji ta, ba da kowa take ba.

"Me kika ce?" in ji uwar.

"Jinin, Mama. Ashe fita yake daga nan ya je huhu, ya dawo ta nan, sannan a tura shi jiki. Mu yadda malaminmu ya zana mana a allo, wani abu ne kamar dankali da bututu a kansa. Haka muka kwafa, haka muka haddace sunayen. Ni ban taɓa sanin ta inda yake shiga ba." Ta ɗaga robar ta sake saukewa. "Shi aka ce mu zana a jarrabawa. Duk sau biyun."

Uwar ta daina dariya. Ta sauka daga kan littafin da take zaune ta kakkaɓe shi, ta ce bari ta duba tukunya, ta shige ciki ta bar su.

Malam ya ci gaba da goga kusurwa a siminti, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ya tuna ranar sarai, bai kuwa so tunawa ba. Tana ajin ƙarshe, ana dab da jarrabawa, ta shigo bayan an tashi lokacin da babu kowa, ta tsaya gaban gilashin ta ce, Baba, ka ɗan buɗe mini wancan in duba, a nan gabanka, na wanke hannuna. Ya ce in ya buɗe mata yau, gobe 'ya'yan kowa sai su zo, me zai ce musu? Ta ce to, ta ɗauki jakarta. Washegari har ya ba da labarin a ɗakin malamai, yana alfahari: ko 'yar cikinsa bai buɗe wa ba. Wani ya ce ai irinsu Malam sun yi ƙaranci a aikin nan. Ya kwana yana jin daɗin maganar.

Ya jira ta tuna masa. Ya ma so ta tuna masa, ta ɗaga murya, ta faɗi duk abin da ke ranta, ko ya sami abin da zai sunkuyar da kai a kansa. Ba ta yi ba.

"Baba, kana da fensir?"

Shi da fensir a kusa da littafi ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Amma abin da ya fara zuwa masa shi ne, ai rubutu a gefe zai ƙara sa a yarda an karanta. Sai ya kama kansa yana wannan tunanin. Ya zaro fensir daga aljihun gaba ya miƙa mata yana kallon tabarma.

Ba ta ƙara taɓa wani littafi ba a ranar. Shi da matarsa suka ƙarasa sauran. Ranar Lahadi ya shanya su a inuwa don warin shayi ya fita. Auta kuwa tun da ta gama wanke-wanke ta ɗauki nata ta koma bakin tagar ɗakinta. Duk lokacin da ya wuce sai ya ga ƙeyarta a sunkuye. Sau ɗaya ya ji ta ce "Au!" da ƙarfi, irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe da fid da rai da shi. Ya tsaya a bayan labule da niyyar shiga, ya rasa abin da zai shiga da shi, ya wuce ya je ya juya littattafan da ba sa bukatar juyi.

Da la'asar ta kawo masa har inda yake, ta riƙo shi da hannu biyu.

"Ga shi, Baba. Ban gama ba, amma na san gobe za ka mayar."

"Ki riƙe mana zuwa safe."

"A'a, kar ka manta da shi a ga giɓi."

Ranar Litinin tun kafin maigadi ya gama shara ya mayar da su kabad, ya zare kwaɗon ya jefa a aljihu. Ya tsaya baya ya duba. Aikin ya yi kyau, abin haushi. Duk wanda ya gan su zai rantse sun sha hannu.

Malamar bayoloji sabuwa ce, tare da shugabar aka kawo ta, yarinya mai gilashin ido da ba ta san tarihin kowa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta shimfiɗa manhajarta a kan tebur, ta riƙa ɗauko littafi tana gwada babinsa da abin da za a koyar. Shugabar ta shigo tana tsakiyar aikin, ta ɗauki na taurari, ta juya karyayyen bayansa, ta shafa baƙin bakinsa da yatsa.

"Yauwa," in ji ta. "Ga abin da nake faɗa. Malam, sai ka yafe mini. An ce mini kai mutum ne mai tsanani, na zo da shirina. Ashe yara sun ci moriyar ɗakin nan."

"Ai aikinmu ne, ranki ya daɗe."

Ya ji maganar na fita daga bakinsa sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba, ya yi mamakin kansa. Bai san haka ƙarya ke da sauƙi ba in an riga an yi mata wahala.

Na tsirrai ya zauna. Na sinadarai ya zauna, sai dai a nemo wani ya cike babi biyu da sabuwar manhaja ta ƙaro. Na na'urori ne malamar ta buɗe ta yi murmushi, ta ce injunan da ke ciki yanzu sai a gidan tarihi, ta ajiye shi a tarin waɗanda za a fitar. Malam ya bi shi da ido. Lokacin da aka kawo shi, duk abin da ke ciki sabo ne fil. Ya tsufa a tsaye a bayan gilashi, babu yaro ko ɗaya da ya san abin da ya ƙunsa.

Sai ta ɗauko na jikin ɗan Adam. Ta ɗaga shafukan roba tana cewa wannan kam ko nawa aka ba ta ba za ta bari ya fita ba, zuciya ba ta canza manhaja. Ta juya, ta tsaya, ta gyara gilashinta ta matso da littafin kusa da fuskarta.

"Ranki ya daɗe, zo ki ga wani abu."

Malam ya ɗago kai. Ya ɗauka tabon shayi ne ya tona shi. Ashe rubutun fensir ne, ƙanana-ƙanana, a jere a gefen shafi. Malamar ta karanta a fili. A sama an rubuta: me ya sa bangon hagu ya fi na dama kauri? Can ƙasa, da hannu ɗaya, an ba da amsa: don na dama huhu kawai yake turawa, na hagu har yatsan ƙafa. Ta juya shafi, ga wata tambayar, ga amsarta. A wani wurin an yi tambaya an bar ta babu amsa, an ja mata layi.

"Kin gani? Ba kwafa yake ba, tambaya yake yi ya nemo da kansa. Wannan ta ƙarshen ma sai a jami'a ake amsa ta. Ni tun da na fara koyarwa ban samu yaro irin wannan ba. Malam, ka san ko wane ne?"

"Yarinya ce," in ji shi, kafin ya kama bakinsa.

"Wane aji take? A turo mini ita yau ɗin nan."

"Ta fita. An daɗe."

"Kash. To ai irin wannan ba sai an tambaya ba. Likitanci take karantawa ko?"

Su biyu suka zuba masa ido, fuskokinsu a sake, suna jiran labari mai daɗi. Ya ji wuyansa ya motsa, kansa ya yi ƙasa ya dawo sama.

"Na faɗa," in ji malamar, ta rufe littafin ta ɗora a tarin masu zama.

"Kin ji ko," in ji shugabar. "Har inda ɗalibansa suka ƙare ya sani. Malam, mabuɗinka na hannunka. Kai za ka jagoranci sayen sababbin."

Ya yi godiya. Har rakiya ya yi musu zuwa bakin ƙofa.

Da aka tashi bai bi hanyar gida ba. Ya bi babban titi, ya tsayar da babur a tsallaken kantin maganin, ya zauna a kai bai kashe ba. Motar kaya ta zo, Auta na shiga da fita da kwalaye, ta ɗaura wani tsohon ɗankwali a ƙugu don kar rigarta ta yi datti. Ita ta hango shi. Ta ajiye kwali ta tsallako tana kare rana da hannu.

"Baba! Yaya aka yi?"

"Sun yaba."

"Ba su gane ba?"

"Ba su gane ba."

"To alhamdu lillahi. Wallahi tun safe hankalina na wurinka."

Da gaske take, ya ga hakan a fuskarta, kuma da zagi ne da ya fi masa sauƙin ɗauka. Ya kashe babur ɗin. Ya kalli hannunta, ƙurar kwali ta yi masa fari.

"Malamar ta ga rubutunki."

"Wayyo. Na ɓata maka ko? Na so in goge, na manta."

"Ba ki ɓata ba. Ta karanta wa shugaba a fili. Ta ce tun da take koyarwa ba ta ga ɗalibi irin wannan ba."

Wani abu ya taso wa Auta a fuska, ta danne shi, ta kalli motocin da ke wucewa.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce. Ta tambaya ko likitanci kike karantawa."

"Ka ce mata me?"

Duk hanya ya zo yana shirya yadda zai faɗa, yanzu babu ko ɗaya da ya rage.

"Na gyaɗa kai."

Daga tsallake mai kantin ya leƙo ya ƙwala mata kira, ya ce direba na jira, kayan nan ba za su shigar da kansu ba. Ta amsa da ƙarfi cewa tana zuwa. Ta gyara ɗaurin ɗankwalin a ƙugunta.

"To ka bar shi a haka, Baba," in ji ta. "Kar ka gyara musu."

Ta duba hagu da dama ta tsallaka, ta sunkuya ta ɗauki kwalin da ta ajiye.